Japan, Turkiyya Da Zauren Mai Garinmu

Da wannan daminar shekara talatin ke nan cif da muka kai Kawuna, Malam Haruna, makwancinshi a garinsu Damari. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya koya mani tarihi da labarin ƙasa a sakandare. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi mashi sadaka, in sa a yi addu'a, in koma gefe in zauna kamar wanda ya sauke nauyi. Bana zuciyata ta ƙi yarda da hakan. Na haura tamanin, gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sahunta, kuma akwai maganar da ba ni so a rufe ni da ita. Ni ne sanadin da aka fitar da Kawu daga ajin da ya fi so a duniya. Ƙarya na yi mashi, guda ɗaya, kuma har ya koma ga Mahaliccinshi ban buɗe baki na ce ya yafe mani ba.

Mutanen ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa malamin elementare suka sani, dogon mutum siriri mai tsohon keke, wanda garin alli ba ya rabuwa da hannun rigarshi. Kaɗan ne suka san ya taɓa tsayawa gaban samari a sakandare, a zamanin da 'yan ƙasa masu riƙe irin wannan aji ba su da yawa. Shi ya yi ta zarya ƙauyenmu, nan gab da Ruwan Godiya, har Baba ya haƙura ya sake ni. Baba ba don addini yake ƙin boko ba, tunaninshi na gandu ne: yaro ɗaya ya tafi, fartanya ɗaya ta kwanta. Kawu ya ce mashi, "Yaya, ka ba ni shi, in ya lalace ni za ka kama." Na yi elementare, na yi gaba, har na iske shi a makarantar kwanan da yake koyarwa. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita ta yi laifin ba.

Shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai muka shiga ajinshi. Ko'ina maganar ke nan, mu ma muna kan hanya, Turawa za su tafi su bar mana ƙasa. Mu 'yan makaranta kuwa kanmu ya kumbura, kowa gani yake shi za a miƙa wa makullin. Abin da aka rubuta a koya mana shi ne sarakunan Ingila da yaƙe-yaƙensu, kuma Kawu ya koyar da su tsaf, ba ya ha'inci a aiki. Amma darasin ƙarshe na ranar Alhamis nashi ne. Sai ya shigo ya ɗauki alli ya tsaga allo biyu daga sama har ƙasa, ya rubuta sunan wata ƙasa a dama, wata a hagu. Dokarshi ita ce ba a maganar ƙasa ɗaya ita kaɗai a ajinshi. Yakan ce ko akuya za ka saya, sai ka tsayar da ita kusa da 'yar'uwarta kafin ka san ko ramammiya ce. In wani ya yi gunaguni wai wannan ba ya fitowa a jarrabawa, sai ya ce ai gemun 'yan'uwanmu ne ya riga ya kama wuta, mu duba mu ga ta ina ya fara kafin a zo kan namu.

Wata biyu muka yi a kan Japan da Turkiyya. Ya nuna mana yadda kowace ta farka ta ga jiragen Turawa da bindigoginsu sun yi mata nisa, da yadda kowace ta ɗaura ɗamarar cim masu. Mutanen Japan suka tura samarinsu ƙasashen waje su koyo inji da jirgin ƙasa da likitanci, manyan masu ƙasa suka miƙa yankunansu ga gwamnati ɗaya, amma suka riƙe rubutunsu, da rusunawarsu, da cire takalmi a bakin ƙofa. Turkiyya kuwa ba ta tsaya lallashi ba. Aka hana jar dara da rawani, aka yar da haruffan Larabci aka ɗauki na boko, duk cikin ɗan lokaci. In ya gama cika gefen biyu, sai ya ja wani layi can ƙasa, ya bar fili, ya juyo ya ce, "To, wa ya yi kuka?" Wannan kuwa littafi ba ya faɗa. Shi zai yi ta jawo mu a hankali har mu gano 'yan matan ƙauye da aka kwasa zuwa masaƙun siliki a Japan, da manoman da aka ɗora wa nauyin gina ƙasar, da dattijon Turkiyya da ya kwana malami ya tashi ba ya iya karanta allon da ke kan titin gidanshi. Ya ce mu ɗauka kakanmu ne aka ce da shi daga yau ajaminshi ba rubutu ba ne.

Abin da ke ba ni haushi da shi a lokacin, bai taɓa cewa ga wadda ta yi daidai ba. In ka matsa mashi sai ya yi murmushi ya ce shi riƙon mudu ne aikinshi, ba shi ke sayen hatsin ba. Ni kuwa na riga na zaɓa. Turkiyya ta tafi da ni, saboda sauri, saboda a ganina babu "ranka ya daɗe" a cikinta. Shekarata goma sha shida, bakina ya fi kaina gudu, na fi kowa Turanci a ajin, kuma na san na fi. Layin nan na ƙasa, na masu kuka, ko kwafe shi ba ni yi a littafina. Da Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, irina suka gani.

Da hutun damina ya zo sai ya ba mu aiki. Ya haɗa mu biyu-biyu, kowa da wanda ba garinsu ɗaya ba, ni aka haɗa ni da Lawal, wani shiru-shiru ɗan 'Yargoje. Kowa ya je gida ya nemi wanda ya fi kowa tsufa, ya tambaye shi wane sabon abu ne ya shigo garin a kan idonshi, me ya kora, wa ya ji daɗi, wa ya yi kuka. In mun dawo a tsaga allo, garinka a dama, na abokinka a hagu. Har yanzu ina jin muryarshi da ya ce, "Tambaya na aike ku. Ku tambaya, ku kama bakinku, ku rubuta. Wanda ya je ya yi wa tsofaffi wa'azi, ni da shi ne." Da kunnena na ji. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don a nan ƙaryata take.

Al'adar garinmu, ɗan makaranta in ya dawo hutu, ubanshi kan kai shi ya gai da mai gari kafin ya shiga gona. Washegarin isowata da hantsi Baba ya sa rigarshi ta Juma'a ya ce in biyo shi. Ina sanye da gajeren wando da takalmin kambas na makaranta, na shafe shi da farar ƙasa yana ɗaukar ido. Tun daga gindin durumin da ke nesa da ƙofar, Baba ya cire takalmanshi ya riƙe a hannu. Da muka kai bakin zaure ya zube gwiwa biyu yana gaisuwa. Na sha ganin haka tun ina ƙarami, ban taɓa jin komai ba. Ran nan kuwa sai na ga furfurar ƙeyarshi, na ga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ɓata rigar da ya fi ji da ita. Ba zan ɓoye ba, kunya ce da fushi suka haɗu, kuma har yau ban ce fushin nan duka banza ne ba. Abin da na yi da shi ne banza.

Na ƙetare Baba na shiga da takalmina, na taka tabarma, na tsaya ƙiƙam na miƙa wa mai gari hannu. Dattawa sun kai goma a zauren, ba wanda ya motsa. Mai garin tsoho ne mai sanyin magana. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya ce, "Ɗan malam, ƙaya aka zuba mana a zauren?" Da mai hankali ne, da nan ya koma da baya. Ni sai na gyara murya na fara karatu. Na ce a Turkiyya an hana rawani, a Japan masu ƙasa sun sauka sun miƙa ƙasarsu, shi ya sa suka ci gaba, mu kuwa muna nan muna rarrafe. Mutumin da ke sanye da rawani nake gaya wa haka, a zaurenshi, a gaban ubana. Kuma ku dubi wautar, Japan ɗin da na kafa hujja da ita ba a shiga ɗakin kowa da takalmi. Mai gari ya ce, "A ina aka gaya maka wannan?" Na ce a makaranta. Ya kaɗa kai ya ce da Baba, "Tashi ka kai shi gida, yaro ne, gajiyar hanya ce ba ta sake shi ba."

Baba bai doke ni ba. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Fartanya ya miƙo mani, muka ƙare hutun muna noma kafaɗa da kafaɗa, ba ya ce mani uffan sai abin da ya zama dole. Tsohon da aka aike ni in tambaya ban tambaye shi ba, wa ma zai zauna da ni? Mai gari ya bar maganar a inda ta faɗi, wannan shaidar zan yi mashi. Amma zaure ba mutum ɗaya ba ne, ga shi lokacin siyasa ta fara zafi, kowa na neman abin da zai kai gaba don a san da shi. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin ta kai kasuwar Faskari ta zama wai na ce a tuɓe rawanin mai gari. Kafin ta kai birni ta zama wai akwai malamin da ke horar da yara su je su tuɓe rawunan iyayen ƙasa.

Muka koma makaranta. Alhamis ta farko Kawu ya tsaga allo ya kira Lawal. Shi kakarshi ya tambaya, tsohuwa mai kaɗi. Ta ce mashi abin da ya shigo 'Yargoje a kan idonta akoko ne, farin yadin nan na kanti. Da ya zo masaƙa suka rage sayen zare, mazarinta ya koma cikin ƙwarya, sana'ar da take yi wa kanta hidima da ita ba sai ta roƙi miji ba ta tafi. Amma ta ce ya rubuta har da cewa yanzu ko talaka na samun likkafani mai kyau, kuma yatsun jikokinta mata ba su tsage irin nata ba. Kawu ya dubi allon ya ce wannan tsohuwa ta fi littafinmu adalci. Da aka zo kaina na ce ban samu tsohon da zai yi magana ba. Ya dube ni ɗan jim, ya bar gefena ba rubutu.

Ba a yi mako ba aka kira ni ofishin shugaban makaranta. Na iske shi da wasu mutum biyu masu manyan riguna da suka zo daga cikin gari. Ba su yi mani tsawa ba. Ɗayansu ya maimaita abin da na yi a zaure, har da ƙarin da aka yi mashi a hanya, sannan ya ce tambaya ɗaya ce: ni na ga dama na yi, ko cewa aka yi in yi? Na gane abin da ke cikin tambayar sarai. In ni na ga dama, akwatina za a ɗora mani a ka in koma gandu, in zama abin nuni a kasuwar Ruwan Godiya har in mutu. Na tuna aikin ofis da nake mafarki, na tuna dattawan zauren nan da yadda za su dube ni. Kawu bai zo mani a rai ba sai a matsayin ƙofar fita. Na ce, "Malam Haruna ne ya ce in mun je gida mu gwada abin da ya koya mana." Aka rubuta, aka karanta mani, na sa hannu da kyakkyawan rubutun nan nawa da ake yabo.

Kafin ƙarshen zangon takarda ta zo, an mayar da shi elementare a wani ƙauye a ƙasar Ƙanƙara. Ba a ce hukunci ba ne, cewa aka yi ana bukatarshi can. Ranar da zai tafi ya sa aka kira ni bakin lorin da aka ɗora kayanshi. Matarshi Hajiya Rabi, lokacin tana da goyon fari, tana zaune a gaba, ko dubana ba ta yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Isuhu, ka riƙe karatunka. Saura shekara biyu, kada in ji, kada in gani." Na ce to. Na koma aji ina gaya wa kaina bai sani ba, ai ba a nuna wa mutum irin wannan takarda. Wanda ya gaje shi sarakunan Ingila ya koya mana, har ranar Alhamis.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Kawu ya jiƙe, kuma ba a makaranta kaɗai ba. Da labari ya kai gida cewa an sauke shi, Baba ya ce dama ya sani, ɗanshi ba zai yi wannan da kanshi ba, ɓata shi aka yi. Daga ranar ya daina zuwa Damari, in Kawu ya zo gai da yayarshi sai Baba ya ɗauki fartanya ya fita ko da rani ne. Mahaifiyata ta zauna tsakanin miji da ƙane, ta rasa wanda za ta ba laifi, sai dai ta yi ta cewa Allah Ya shirya. Ina gani, ina cin tuwon gidan. Haka Baba ya rasu bai sake cin abinci a ƙwarya ɗaya da Kawu ba.

Daga nan hanya ta rabu. Ni na ci jarrabawa, na yi kwas, na zama ma'aikacin gona, na hau har inda ake buɗe mani ƙofar mota. Shi kuwa daga wannan ƙauye sai wancan, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, yana koya wa 'yan shekara bakwai abacada har ya yi ritaya. Ko bayan Turawa sun tafi, an manta da wa ya taka tabarmar wa, takardar na nan cikin fayil ɗinshi, duk wanda ya buɗe sai ya mayar ya rufe. Na taɓa kai mashi ziyara ba zato, na tsaya ta taga. Ya tsaga allo biyu, gero a dama, dawa a hagu, yana tambayar yara masu majina wanne ya fi jure fari, wanne tsuntsu ya fi ci. Ya hango ni ya yi dariya, ya ce in shigo in ga manyan ƙasashen da suka rage mashi. Ni ma na yi dariyar.

Na kai mashi riguna, na kai mashi rediyo, na sa an yi wa ɗakinshi rufin kwano. Duk abin da hannu ke iya bayarwa na bayar, don kada baki ya ba da nashi. Yakan karɓa ya sa albarka, ya tambaye ni aiki, kuma tambayarshi ba ta sauya ba. Wata rana na zo ina cika baki za mu buɗe manyan gonaki irin na wata ƙasa da aka kai mu muka gani, ya ce, "Da wace ƙasa kuka gwada ta? Kuma shanun da ke bi ta wurin, ina za su bi?" Na ce Kawu, ai ci gaba ba ya jiran saniya. Ni da ire-irena muka zauna a ofis muka ja layi a kan taswira, burtali ya shiga gona, mashaya ta shiga gona, ba wanda ya taka zuwa ruga ya zauna ya tambaya. Ban ce wannan kaɗai ya kawo mu inda muke ba. Abin ya fi haka yawa da muni, kuma wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah shi zai amsa nashi. Amma nawa kason na san shi.

Nakan zauna in ce, da Kawu zai dawo yau ya hau kekenshi daga Damari zuwa Ruwan Godiya, me zai ce? Da farko dai ba za mu bar shi ya hau ba, don hanyar ba ta biyuwa yadda ya san ta. Zai ga gonakin da ya sani sun koma daji, masu su na zaune cikin gari a ɗakunan aro. Zai ga sakandare a garuruwan da a zamaninshi ko elementare babu, har da ta 'yan mata, kuma wannan zai faranta mashi rai ƙwarai, don ya sha yin faɗa a kan karatun ɗiya mata. Zai ga babur da wayar hannu sun shiga ko'ina, su ke kai mai naƙuda asibiti, su kuma ke kawo waɗanda ake gudu. Na tabbata ba zai tsine wa babur ba, ba halinshi ba ne. Allo zai nema da guntun alli.

Jikokina in sun taru sai ka ji wannan na cewa mu yi kamar Sin, wancan na cewa mu yi kamar Dubai, kowa da ƙasarshi ɗaya tal a tafin hannu, ya ga gine-gine a waya ya yanke hukunci. In na ce da wa kuka gwada ta, su wa aka tasa daga wurin kafin a yi ginin, sai su dubi juna su ce Alhaji ya fara. Ba ni jin haushinsu, kaina nake gani. Abin da ke cin raina shi ne tunanin samarin da da sun bi ta ajin Kawu a shekarun nan da ya yi yana koyar da abacada. Su ne suka zama manyan ma'aikata, su suka riƙe ƙasar nan tana jaririya. Ba shi kaɗai na cuta ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je Damari da niyyata. Na iske shi bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame sai ido. Na zauna na ce, "Kawu, akwai wata magana ta lokacin makaranta." Ya juyo da kanshi ya dube ni, ya ce, "Ina jin ka, Isuhu." Ya jira. Wallahi ya jira, har ina jin ana daka a maƙwabta. Sai na ce wai so nake in tambaye shi ko ya san inda Lawal ɗan 'Yargoje yake yanzu. Ya lumshe ido ya ce ai Lawal ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanshi. Ni ƙato mai shekara hamsin da ɗoriya, mai 'ya'ya da jikoki, na tashi na yi sallama. Bai ƙara mako biyu ba.

Ranar sadakar bakwai Hajiya Rabi ta sa aka kira ni cikin gida. Ita ba ta da sanyin Kawu, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da shi ba. Ta ce, "Alhaji Isuhu, ran nan ka zo za ka yi magana ka fasa. Ina bayan ƙofa." Na sunkuyar da kai. Ta ce ai tun ranar ya sani. A gabanshi aka karanta takardar, aka nuna mashi sa hannuna, aka ce in ƙarya yaron ya yi ya faɗa, a kore shi a wuce wurin. Ya ce masu shi ya koya mani. Da ya dawo gida ta yi mashi faɗan da ba ta taɓa yi ba, shi kuwa abin da ya ce shi ne, "Rabi, malami ko a gindin bishiya malami ne. Ɗalibi in an raba shi da aji, shi ke nan." Ya hana ta gaya wa kowa, har mahaifiyata. Ta ce, "Shekara talatin da wani abu yana jiran ka. Ba haƙuri yake so ka ba shi ba. Cewa yake yaron nan na ɗauke da kaya, ran da ya zo ya sauke zai sha iska."

Mai karatu zai zaci daga ranar na gyara. Ban gyara ba. Na yi kukana, na koma gida, na ci gaba da sadaka, na bar mutane da abin da suka sani. Hajiya Rabi ta bi mijinta ba ta tona ni ba. Sai watan jiya jikar Kawu, wadda ke koyar da tarihi a wata sakandare, ta zo gaishe ni, ta ce, "Baba, wai gaskiya ne kakanmu siyasa ya cusa wa yara aka sauke shi? Haka muka taso muna ji." Na dubi yarinyar nan, dogon wuyan Kawu da komai, na ce ta ba ni kwana kaɗan, zan ba ta amsa a rubuce inda kowa zai gani.

To ga amsar, ɗiyata. Kakanku bai cusa wa kowa siyasa ba, bai aiki kowa ya ci mutuncin dattijo ba. Ni na je na yi rashin kunyata, da aka matsa ni na rataya mashi, ya karɓa. Bai bar gidan bene ba, bai bar littafi da sunanshi ba. Abin da ya rage nashi yana wurin tsofaffin da ke ƙauyukan nan, waɗanda in ka kawo masu sabon iri ko sabon ɗan takara sai sun ce a ajiye shi kusa da wani su gani, kuma ba su ma san inda suka samo halin ba. Sai kuma ni, da ya ba da ajinshi don in riƙe nawa. Ko na cancanci hakan, kun dai karanta, ku yanke.

Na san ya yafe mani, halinshi ya isa shaida. Amma yafiya abu ce da mutum ke so ya faɗa da bakinshi, yana duban fuskar wanda ya yi mashi laifi. Na raba shi da ajinshi ina yaro, wannan ana iya cewa ƙuruciya. Na hana shi wannan kuma da furfurata, yana kwance yana jira. Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya sa aljanna ce makomarshi. Ni kuwa duk wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, don can za ni in iske shi, kuma wannan karon ba ni da wata tambaya da zan fake da ita.